Dusar da Muka Rufe a Duro

A shekarar da na ɗauki cikin fari, azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Farkon shekarun tamanin ne, muna zaune a Rafin Guza, a gidan haya mai ɗakuna a jere, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya wadda ta fi komai haddasa faɗa. Maigidana direban babbar mota ne, mutumin Katsina, yana yi wa wani ɗan kwangila jigilar kaya. Ni kuwa 'yar Badarawa ce, mahaifina ma'aikacin gwamnati. Ni na ce ina son mutumin nan, kuma ba wanda ya hana ni. Sai dai dangina suna da wani irin shiru da suke yi idan an ambaci sana'arsa, wanda ya fi mini zagi ciwo.

Da tsofaffi suka duba suka ce haihuwar za ta zo daf da Babbar Sallah, sai na ga tuwo ya fara saura a kwanon maigidan. Kowa ya san yadda rago yake tsada a wannan lokacin. Mai albashi ma sai ya yi da gaske, balle direban da sai an yi tafiya ake sallamarsa. Na kuma san abin da zai faru idan ranar suna ta zo babu rago a turke: mahaifina zai aiko da nasa. Ba zai yi gori ba, ba halinsa ba ne. Amma gwaggonnina suna nan da ransu da lafiyarsu, kuma har abin da na haifa ya yi furfura za a riƙa cewa ai da ragon kakansa aka raɗa masa suna. Maigidana zai haɗiye, don mutum ne mai haɗiye abu. Ni ce ba zan iya ba.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi ya dawo daga hanyar Zariya da rago a gaban mota, wai a wajen Katabu ya same shi hannun wani Bafulatani. Rago dai sunansa rago. Ya cika shekara, ƙahonsa ya fara lanƙwasa, amma daga bakin ƙofa kana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Na ce, "Malam, wannan fa? Rago ne ko hoton rago?"

Ya ce, "Ki bar shi hakanan. Ƙashi gare shi mai kyau. Nama ai abinci ke kawo shi."

"To ina abincin?"

Ya kafa turke a bayan ɗakinmu, ya jingina wani tsohon kwano a jikin katanga don kada ruwa ya doke shi, ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Abincin kuwa a gefenmu yake. Ɗakin da ke manne da namu na wata dattijuwa ce Bakanuwa mai sayar da koko, duk gidan Iya muke ce mata. Idan ta jiƙa gero aka niƙo mata a inji, ta tace, gasarar ta kwanta a ƙasan daro, abin da ya rage a ƙyallen tata shi ne dusa, jiƙe sharkaf. Idan an shanya ta ta bushe, sai ta yi watanni a buhu, kuma ita ce ke sa wa dabba nama. Idan ba ta samu rana ba, kafin ka ankara ta ɗauki zafi, ta yi funfuna, tsutsa ta shiga. Da azumi ya kama, ba Iya kaɗai ba, kowane gida a layinmu kunu ake damawa, kowace mace neman inda za ta kai dusa take yi. Da aka ji muna da rago, sai aka huta da zuwa juji. Ta ƙofa a kawo, ta kan katanga a miƙo. Ragon ya ci iya cinsa, ko kusa da rabi ba ya kaiwa.

Rana ce babu. Marka ta sauka, irin wadda sama take kwana ta yini a rufe. Na shimfiɗa tabarma na baza dusa, kafin in miƙe yayyafi ya fara. In kwashe, ya ɗauke. In sake bazawa, ya dawo. Ga ciki, ga azumi, ga baki ya bushe, ni da hadari muna ta wasan ɓuya. Na gwada shanya ta a cikin ɗaki, har gadonmu ya koma warin injin niƙa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ina kallon abincin wata biyu yana ruɓewa a gabana, ina kwasa da hannuna ina tarawa a kusurwa don a zubar.

Daga wannan tarin ne ragon ya kusa tafiya. Ya ja igiyarsa har ya kai ga wadda ta yi funfuna, ya cika cikinsa. Washegari muka tarar da shi kwance, zawo ya ɓata masa ƙafafu, ido ya faɗa. Iya ta jiƙa kanwa ta ɗura masa, maigidan ya tsuguna a gabansa yana shafa masa wuya kamar mai jinyar ɗan'uwa. Ya sha da ƙyar. Da ya miƙe, ɗan naman da ya fara yi duk ya zube.

Ranar ce Iya ta ƙarasa tayar mini da hankali. Ta ce, "Yarinya, bari in gaya miki tun da wuri. Ana sauke azumi kunu zai ragu, kuma kowa zai ɗaure ragon layya. Dusar nan da ake roƙonki ki karɓa, sai kin bi gida-gida ba ki samu ba. Tawa ma akwai mai kiwon da na saba ba shi duk shekara, ba zan iya juya masa baya ba."

Da aka sha ruwa na zayyana wa maigidan. Ya daɗe yana juya ludayi a kwanon kunu, sannan ya ce akwai abin da ya taɓa gani. Wai ya taɓa kai kaya wata gonar shanu ta gwamnati a hanyar Zariya, ya tarar ana sara ɗanyar masara, kara da ganye, ana zubawa a wani dogon rami, tarakta tana bi ta kai tana dannewa, aka rufe da ƙasa. Bayan watanni ya koma, ya ga ana tono ta ana ba shanu, suna ci har suna ture juna. Ya tambayi ma'aikatan, suka ce ba wani magani a ciki, iska kawai ake hanawa shiga.

Na ce, "Masara ka gani. Dusa fa?"

"Ban ga an yi da dusa ba."

"Tarakta fa? A ina muka ajiye tamu?"

Ya miƙo ƙafarsa ya nuna mini. Ni dai ban yi dariya ba.

Rami kam babu inda za a haƙa shi a gidan haya, kuma ƙasar Rafin Guza da damina kana sara ruwa zai taso. Sai idonsa ya faɗa kan duro. Duron nan na man girki ne, ya samo shi tun farkon cikin, ya wanke shi da toka da sabulu, ya kife shi a bayan ɗaki. Ajiye yake don a dafa mini ruwan wankan jego a ciki. Na ce masa duron wankana ne fa. Ya ce kafin lokacin ai ragon ya cinye abin da ke ciki. Yadda ya faɗa, kai ka ce ya taɓa yi sau goma.

A goman ƙarshe muka yi aikin. Ya ce kada a zuba ta da ruwanta, don haka muka riƙa ɗura dusar a buhu, mu ɗaure, mu kife turmi a kai, mu ɗora dutse, ruwan ya tsane. Ya je bakin titi wajen masu gasa masara ya kwaso ɗanyen ɓawon da suke yarwa, ya zauna da adda ya daddatsa shi ƙanana. Bayan la'asar ya wanke ƙafafunsa har gwiwa, ya naɗe wando, ya shiga cikin duron. Ni ina zuba dusa, in barbaɗa ɓawon masara da ɗan gishiri, shi yana tattakawa yana zagayawa. Inda ƙafa ba ta kai ba, ta gefe-gefe, in bi da taɓarya ina kirɓawa. Mutum mai azumi, mai gemu, yana rawa a cikin duro babu kiɗa. Matan gidan suka bar girki suka zo kallo. Wani lebura Bazamfare da ke ɗakin ƙarshe ya leƙo ya ce, "Direba, mi kaka yi haka? In wanki na, ga nawa nan." Gida ya ɗauki dariya. Maigidan ko a jikinsa, ni ce kunya ta kusa kashewa.

Da duron ya cika maƙil, ya farke ledar da ke cikin buhun taki, ya wanke ta tas, ya shimfiɗa a kai ya cusa bakinta ta gefe. Ya jera duwatsu, ya kwaɓa laka ya shafe saman gaba ɗaya kamar ana rufe rumbu.

Na ce, "Sai yaushe?"

"Sai ta yi wata. Kada kowa shi taɓa. In kin ga lakar ta tsage ki liƙe. Iska na shiga an gama."

"In kuma muka buɗe muka tarar da tsutsa?"

"To mun tarad da tsutsa."

Wallahi da taɓaryar tana hannuna a lokacin ban san abin da zan yi ba.

Aka yi Sallah, maganar Iya ta tabbata. Matan da ke miƙo mini dusa ta katanga suka fara cewa ai maigida ya sayo ɗan rago. Muka koma ciyawa. Ciyawar damina kuwa ruwa ce, cikin ragon ya yi tulu amma bayansa kamar an fere. Yana ganina zai fara kuka, har na fara jin nauyin bi ta bayan ɗaki. Duron yana tsaye a wurinsa, ba ya cewa komai. Idan rana ta ɗan fito lakar ta tsattsage, wani tsami ya riƙa tasowa, in kwaɓa sabuwa in liƙe ina tsaki. Ban yarda da shi ba ko kaɗan, amma ban bar tsaga ko ɗaya ta kwana ba.

Ana cikin haka maigidan ya yi doguwar tafiya. Bai dawo ba sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta iso da akori-kura. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, don haka ta zo ta tafi da ni goyon ciki, tare da itacen da miji yake tanada da abin dafa ruwa. Gwaggo mace ce mai tsafta har ta yi yawa, irin wadda take duba bayan kofi kafin ta sha ruwa. Aka loda itace, aka fito da akwatina. Ta ce, "Ina duron da aka ce ya samo?"

Na nuna mata. Ta zagaya shi, ta sunkuya ta sansana, ta ja da baya tana toshe hanci da bakin mayafi.

"Ke, me aka binne a ciki?"

"Dusa ce, Gwaggo. Ta rago."

"Dusa? A duron da za a dafa miki ruwa? Wannan ai ta ruɓe tun tuni, ba ki da hanci ne?" Ta ƙwala wa mai motar kira. "Zo ka taya ni, mu fasa lakar nan a kife shi a kwata, a ɗauraye."

Na ce ta yi haƙuri, an ce kada a buɗe sai ta yi wata. Ta ce wa ya ce. Na ce shi ya ce. Ta yi irin shirun nan nasu. Sannan ta sassauta murya, kuma sassautawar ce ta fi komai yi mini zafi.

"'Yar nan, ki daina wahalar da kanki da cikin nan. Dubi abin da kuke kira rago. Yaya ya ce a gaya wa mijinki kada ya takura kansa, rago ba abin damuwa ba ne. In babu, ai akwai."

Ban san lokacin da na isa gaban duron ba. Na jingina bayana da shi, na baza hannuwa, cikina a gaba. Ni da na fi kowa zagin duron nan a gidan.

Na ce, "Gwaggo, sai dai a kife mu tare."

Mai motar ya tsaya da hannu a sama, ya dubi Gwaggo, ya dube ni, ya koma wajen motarsa yana duba taya. Gwaggo ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta ce bakin nan nawa tun ina ƙarama ta san zai kai ni, ta ce an kawo ni cikin masu tallan goro na koyi rashin kunya, ta ce wane irin miji ne zai cika tukunyar wankan matarsa da ƙazanta. Hawaye yana zuba, amma ban matsa ba. Na ƙara da cewa ba inda za ni sai ya dawo an buɗe a gabana.

Iya ce ta raba mu. Ta fito tana goge hannu a zani, ta ce, "Hajiya, a yi haƙuri, mai ciki ce. Ina da tsohuwar tukunyar da na daina dafa koko a ciki, ta ɗauki ruwan wankan mutum biyu ma. A tafi da ita." Gwaggo ta duba tukunyar ciki da bai, ta ƙanƙara gindinta da farce, ta ce a sa a mota. Ta ce za ta dawo bayan mako, kuma ranar ko da duron a kaina sai na tafi. Da ƙarar motar ta ɓace na juya na dubi duron, na ce masa, "Saura kai ka kunyata ni."

Maigidan ya dawo da jajayen idanu da ƙurar hanya. Na ba shi labari, ban rage komai ba sai maganar in babu akwai, wadda na riƙe a cikina. Ya ce watan bai gama cika ba, amma ya kusa, gobe a buɗe.

Da hantsi ya ɗauko fartanya ya fara ɓamɓare lakar. Ban gayyaci kowa ba, amma duk matan gidan sai ga su, kowace da abin da wai ta fito yi. Ya kwashe duwatsun, ya ɗaga ledar. Wani wari ya bugo mu, har na kusa amai. Saman baƙi ƙirin, da farin funfuna kamar auduga a gefe-gefe. Wata ta ce, "Ayya." Wannan ayya ɗin har yau ina jin ta. Na fara shirya yadda zan kalli Gwaggo.

Shi bai ɗago kai ba. Ya sa sakaina yana kankarewa yana zubawa a tsohon daro. Ya kwashe kamar zurfin tafin hannu, sai baƙin ya fara komawa ruwan ƙasa. Ya ƙara, sai ga ta ruwan ɗorawa, a danne tamau, har sai da ya sa ƙarfi kafin ya ɓantaro. Babu tsutsa, babu zafi. Warin ma ya sake, ya koma wani tsami mai tsabta. Iya ta karɓi ɗan curi ta murza, ta kai hanci, ta ɗan lasa.

Ta ce, "Wannan ai tsamin ƙullu ne, ba na ruɓa ba."

Na sauke ajiyar zuciya, amma ashe da saura. Aka zuba a kwatarniya aka kai gaban ragon. Ya matso, ya sansana, ya yi atishawa, ya juya mana baya. Yini guda bai taɓa ba. Washegari muka cakuɗa masa da ciyawa, ɗan banzan ya tsince ciyawar tsaf ya bar dusar. Na tsaya a kansa ina ta masifa kamar yana jin Hausa. Na ce masa an yi rawa a duro dominsa, na yi wa Gwaggota tsaye dominsa, shi kuma zai tsaya yana mana yanga da haƙarƙari a waje. Maigidan ya ce in bar shi, yau ba a ƙara ba shi ciyawa ko tsinke, yunwa za ta yi masa magana. Ya zuba sabuwa ya fita.

Bayan azahar ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsintar shinkafa, sai na ji kwatarniya tana gogar ƙasa a bayan ɗaki. Na tsaya cak. Na ƙi tashi, don kada in je in tarar kaza ce. Ƙarar ta ci gaba, har da wani ɗan gurnani. Na lallaɓa na leƙa ta kusurwa. Ragon ya tura kansa har ƙaho, yana ci yana tura kwatarniyar gaba, yana bin ta iya tsawon igiya. Ya lashe ta fes, ya ɗago da dusa a hanci ya dube ni, ya yi kuka yana neman ƙari. Na zauna a ƙasa a wurin, shinkafar ma ban san inda na ajiye ta ba.

Duk da haka ban saki jiki ba, don na ga abin da ruɓaɓɓiyar dusa ta yi masa. Da gari ya waye, ko wanke ido ban yi ba na nufi turke. Mace da tsohon ciki, tsugune da tsinke tana tona kashin rago. Ga shi nan a warwatse, ƙwaya-ƙwaya, busasshe, baƙi mai sheƙi. Ragon yana tsaye yana tuƙa, kunnuwa a miƙe. Ban taɓa murnar ganin kashi irin ta ranar ba. Na ɗebo a tafin hannu na kai wa maigidan har ɗaki, ya duba ya ce, "Alhamdulillahi," sannan ya ce in je in wanke hannu.

Da Gwaggo ta dawo na bi ta ba gardama. Duron ya zauna, don kullum ake ɗiban na yini a mayar da leda da dutse. Maigidan ya roƙi a riƙa ba shi gajerun tafiye-tafiye, ranar da ba ya nan kuma Iya ta ɗauki nauyin zubawa. Daga nan ban sake ganin ragon ba. Idan maigidan ya zo gaisuwa Badarawa, a zaure yake tsayawa, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki yake yi. Idan na samu na leƙo na tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Shina ci." In ce ya yi ƙiba? Ya ce, "Shina dai ci." Mutumin nan da za a sayar da magana da bai taɓa cin riba ba.

Abin da ya hana ni sakewa a gidanmu yana bayan kicin. Tun tasowata rago ɗaya mahaifina yake ɗaurewa na layya. Wannan shekarar biyu na tarar. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Ni ce 'yar fari, mahaifina ba ya kiran sunana, ba ya yi mini magana kai tsaye, sai dai ya faɗa wa mahaifiyata ina ji. Tagar ɗakin da aka sauke ni tana kallon wajen, kullum ina jin kukansu, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri. Na san na wane ne siririn.

Watan Babbar Sallah yana tsayawa na haihu, mace. Aka shiga wanka safe da yamma a tukunyar Iya, Gwaggo tana fyaɗa mini ganye da ruwan zafi kamar tana rama abin da na yi mata. Ana ta shigowa barka, ana ta ɗura mini kunun kanwa, ni kuwa rabin hankalina yana Rafin Guza.

Ranar suna, bayan sallar asuba, maza suka shirya tafiya can gidan mijina inda za a raɗa suna a yanka. An fito da ni daga wanka ke nan, ina zaune a bakin gado da jaririyar, sai na ji takun mahaifina ya nufi bayan kicin. Ya tsaya a can ya ɗan jima. Na riƙe numfashi ina jiran in ji an kwance igiya. Takun ya dawo shi kaɗai, mota ta tashi. Gwaggo da ke ninke kayan jaririya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya ce bari ya je ya gani tukuna. In da buƙata a dawo a ɗauka."

Rafin Guza ba nisa. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in kasa kunne. Mata suka fara cika gida, ana guɗa, ana tsokanata, ina murmushin da bai wuce leɓe ba. Rana ta fito, ta hau katanga, ba wanda ya dawo.

Sai da hantsi ya ɗaga sosai motar ta tsaya a ƙofar gida. Aka shigo da sunan, guɗa ta tashi. Bayan haka aka shigo da daro an rufe da faranti, rabon mai jego, aka dire a gaban Gwaggo. Ta buɗe. Cinya ce da wuya, da kitse fari fat a naɗe a kai. Ta ɗaga cinyar da hannu ɗaya, ta ga ba za ta iya ba, ta ƙara na biyu. Ta juya ta, ta latsa da yatsa, ta ce, "Ikon Allah." Sai ta hau kiran a kawo babbar tukunya, wannan ba za ta ɗauka ba.

Mahaifina ya biyo ta tsakar gida zai shiga ɗakinsa. Daidai ƙofata ya rage tafiya, ya juya fuskarsa wajen mahaifiyata da ke tsaye can gefe, ya ɗaga murya yadda zan ji.

Ya ce, "A gaya mata an yanka. Ragon mijinta ya ishi kowa."

Ya wuce. Na cusa fuskata a zanin jaririyar na yi kuka sosai, irin wanda ake yi idan an sauke wa mutum kaya. Mata suka ɗauka zafin wanka ne, wata tana cewa a ƙaro mini kunu. Can bayan kicin raguna biyu suna ta kuka suna neman abinci, ba wanda ya kwance ko ɗaya.